Aiki da Manyan Injuna a Lokacin Hunturu: Darasi Daga Ƙasar Gwarzo da Kabo

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo da sassafe a watan Disamba ko Janairu, zai tarar hazo ya lulluɓe gari, amma kuma aiki ya kankama ko'ina. Ruwan sama ya ɗauke, an kawar da amfanin gona, ƙasa ta bushe ta yi tauri. A wannan lokaci ne injin casa yake zagaya ƙauyuka yana sussukar dawa da masara da waken soya, tarakta tana jan tirela cike da buhuna zuwa kasuwar Getso, tifa tana jigilar yashi da marmara, katafila da gireda suna gyaran hanyoyi. Masu noman rani kuwa tun asuba suke tayar da injin ban-ruwa a bakin madatsun ruwa, irin su Guzu-Guzu ta Kabo da Challawa ta Ƙaraye. Wato dai lokacin da injuna suka fi yawan aiki ya zo daidai da lokacin da jikin ɗan'adam yake fama da sanyi da ƙura da bushewar iska.

A ƙasashe irin su Kanada da Rasha, abin da direban babban inji yake tsoro da hunturu shi ne ƙanƙara da santsi. A ƙasar Hausa babu ƙanƙara, shi ya sa mutane da yawa suke ɗauka cewa hunturu ba shi da wani haɗari ga ma'aikaci in ban da mura da faso. Ilmin halittu ya nuna abin ya wuce nan.

Daga Ina Ƙurar Take Zuwa?

Iskar hunturu tana kaɗowa ne daga arewa maso gabas, daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris. Babban tushen ƙurar da take ɗaukowa shi ne wani kwari da ake kira Bodele a arewacin ƙasar Chadi, fiye da kilomita 1,000 daga Kano. Shekaru kimanin 7,000 da suka shige, wannan kwari yana ƙarƙashin wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne kawai. A cikin ruwan tafkin an yi wasu ƙananan halittu masu ƙwayar halitta ɗaya tak, da ake kira dayatom, waɗanda suke gina wa kansu ɓawo da sinadarin silika. Da tafkin ya ƙafe, sai ɓawonsu ya zama farar ƙasa marar nauyi, wadda iska take kwasa cikin sauƙi. Saboda haka wani kaso na farar ƙurar da take kwanciya a kan gashin idon direban tarakta a Kabo gawar halittun ruwa ce ta zamanin da.

Iskar tana zuwa a bushe ƙwarai. Da rana laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauko zuwa digiri 12 na Salsiyas ko ƙasa da haka, da azahar kuma ya hau kusan 30. Ma'aikaci ɗaya yakan sha ɗari da zafi duk a yini guda.

Sanyi da Yatsun Direba

Jikin mutum yana riƙe zafinsa na ciki a wajen digiri 37. Idan sanyi ya bugi fata, sai ƙananan jijiyoyin jini na hannu da ƙafa su tsuke, domin a tattara jini mai ɗumi a kusa da zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa. Wannan dabara tana kare rai, amma yatsu ne suke biyan kuɗinta. Da zarar zafin fatar yatsa ya sauko zuwa wajen digiri 15, saƙon da jijiyoyin ji suke kaiwa yakan rage sauri, tsoka ta yi nauyi, mutum ya kasa sarrafa ƙananan abubuwa kamar yadda ya saba. Direban tarakta marar ɗaki, wanda iska take bugu yana tafe, ya fi kowa saurin kai wa ga wannan hali, kuma da waɗannan yatsu ne zai ja giya, ya riƙe sitiyari, ya kashe inji idan wani abu ya faru.

Mai injin ban-ruwa ma yana da tasa matsalar. Ruwa yana kwashe zafin jiki kimanin sau 25 fiye da iska, kuma busasshiyar iska tana tsotse ruwan jiƙaƙƙen tufa da sauri, tana tafiya da zafin jiki tare da shi. Wanda ya shiga ruwa da asuba ya gyara tiyo, ya fito ya tsaya da jiƙaƙƙen wando a cikin jaura, zai fara karkarwa, hankalinsa ya rarrabu. Maganin wannan shi ne ajiye busassun kaya a kusa, da sauya su nan take, da ɗumama hannu kafin a taɓa inji.

Rawani da Sandar Juyi

Haɗari mafi muni na wannan yanayi daga tufafi yake fitowa. Idan ɗari ya yi tsanani, sai ka ga ma'aikaci ya ɗora babbar riga, ya yafa bargo, ya naɗe kai da wuya da rawani, jelarsa tana reto. A bayan tarakta akwai wata sandar ƙarfe mai juyawa, wadda take ba da ƙarfi ga injin da aka jona mata. Yawanci tana juyawa sau 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a kowace daƙiƙa. Idan kaurin sandar ya kai santimita 7 da rabi, to a daƙiƙa ɗaya za ta naɗe ƙyalle mai tsawon kimanin mita 2. Kafin mutum ya ji an ja shi, ya gane abin da ke faruwa, ya yunƙura, yakan ɗauki kusan kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa. A wannan ɗan lokaci sandar ta juya sau shida ko bakwai. Babu ƙarfin ƙato da zai ƙwaci kansa daga gare ta. Haka abin yake ga bel da fankar injin casa, musamman waɗanda aka cire musu murfi domin sauƙin gyara ba a mayar ba.

Saboda haka mai aiki kusa da inji ya sa kaya masu kama jiki, biyu ko uku a jere, yadda zai rage ɗaya idan rana ta take. Ya sa hular sanyi a maimakon rawani, ya cusa duk wata igiya ko jela a ciki. Kada ya tsallaka sandar juyi tana aiki. Idan kara ko zangarniya ta toshe bakin injin casa, a kashe inji, a jira komai ya tsaya cik, sannan a zaro. Yara kuma, waɗanda sukan taru a masussuka domin kallo ko kala, a nisanta su. Mai inji ba ya jin kiran kowa saboda ƙara, balle idan ya toshe kunnuwa da ƙyalle.

Abin da Ƙura Take Yi wa Huhu

Hanci da maƙogwaro suna da nasu masu gadi. Gashin hanci yana tare manyan ɓarɓashi, majina tana kama na tsakiya, wasu ƙananan gasu da ba a gani sai da madubin ƙara girma kuma suna tura majinar sama a hankali har a tofar ko a haɗiye. Busasshiyar iska tana ƙafar da majinar, aikin gasun ya ragu, fatar cikin hanci ta tsage, shi ya sa haɓo yake yawa da hunturu. Wannan rauni na cikin hanci da maƙogwaro yana daga dalilan da masana suke danganta cutar sanƙarau da lokacin rani, kamar annobar 1996 wadda ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya.

Ɓarɓashin da bai kai maikiron 10 ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, yakan wuce waɗannan masu gadi. Wanda bai kai maikiron 2 da rabi ba kuwa yana isa har cikin ƙananan jakunkunan iska na huhu, inda jini yake karɓar iskar oksijin. Mutumin da ke hutawa yana shaƙar kimanin lita 6 zuwa 8 na iska a minti, amma mai ɗaga buhuna yana iya ninka wannan sau biyar, kuma da baki yake numfashi, ba ta hanci ba. Ga shi kuma a kan ƙurar hunturu an ƙara ƙaiƙayi da ƙwayoyin funfuna na masussuka, waɗanda suke tayar da asma da tari.

Ƙurar da ta fi kowace illa ita ce ta sabon dutsen da aka fasa, irin wadda injin niƙa dutse yake tayarwa. A cikin jakunkunan huhu akwai wasu ƙwayoyin halitta masu haɗiye datti. Idan suka haɗiyi ɓarɓashin silika mai kaifi, ba sa iya narkar da shi, sai su mutu, wasu su zo su haɗiya su ma su mutu. A hankali wurin ya zama tabo, huhu ya yi tauri. Wannan cuta, wadda likitoci suke kira silikosis, ba ta da magani, takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. A farkon shekarun 1930, ɗaruruwan ma'aikata sun mutu da ita a Amurka bayan sun haƙa ramin ruwa na Hawks Nest a cikin dutse ba tare da kariya ba. Hankici ko rawani ba ya tare irin wannan ƙura. Abin da ke tare ta shi ne takunkumi na musamman, irin mai lamba N95, wanda ya kama fuska sosai, tare da yayyafa ruwa a wurin aiki da tsayawa ta inda iska take fitowa.

Hazo da Hanya

Idan hazo ya yi kauri, hangen nesa yakan ragu ƙasa da kilomita ɗaya, har jiragen sama su kasa sauka a Kano. A kan hanyar marmara kuwa, ƙurar da tifa ta tayar takan rage shi zuwa 'yan mitoci. Ga wani lissafi da ɗalibi zai iya gwadawa. A ce tarakta tana tafiya da kilomita 25 a sa'a, motar haya tana biye da ita da kilomita 100 a sa'a. Tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da kimanin mita 21 a kowace daƙiƙa. Idan direban motar bai hango tirelar ba sai daga mita 100, bai cika daƙiƙa biyar ba kafin ya iske ta. Tirelar da ba ta da fitilar baya ko ƙyalli mai mayar da haske tarko ce a kan titi. Kunna babbar fitila a cikin hazo ba ya taimako, domin ƙurar tana watso hasken ne cikin idon direba. Ƙaramar fitila da rage gudu su ne mafita, ganin cewa idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki yake bukata yakan ninka huɗu.

Hazo yana kuma ɓoye bakin kududdufi da ramukan da aka haƙi marmara da gaɓar fadama. Tarakta tana da tsayi, nauyinta yana sama, tana iya kifewa cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. Ƙasar Suwidin ta wajabta sa garkuwar ƙarfe a saman kujerar sababbin taraktoci a 1959, kuma mace-macen kifewar tarakta ya ragu a can da fiye da kashi 90 cikin 100. Garkuwar tana aiki ne idan direba ya ɗaura bel ɗin kujera. Ɗaukar fasinja a kan murfin taya kuwa ganganci ne a kowane yanayi.

Shi Ma Injin Yana Jin Hunturu

Da sanyin asuba baƙin mai yakan yi kauri, ƙarfin batir ya ragu, injin gas kuma, wanda zafin matse iska ne yake kunna mansa, ya yi gardamar tashi. A nan ne gaggawa take jawo kasada. Wasu sukan hura wuta a ƙarƙashin inji, wasu su haɗa wayoyin sitata da sukundireba suna tsaye a ƙasa. Idan an bar tarakta a giya, za ta zabura ta take mai tayar da ita. Daga kan kujera kawai ake tayar da inji, giya a sake, birki a ja, sannan a bar shi ya ɗumama na 'yan mintoci.

Ƙura da ƙaiƙayi suna toshe matatar iska da ramukan lagireto, sai inji ya yi zafi duk da sanyin gari. A duba su kullum. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi, domin ruwan da ke ciki yana matse, zafinsa kan wuce digiri 100. Busasshen kara da ya taru kusa da salansa yana kama wuta da ɗan tartsatsi, iskar hunturu kuma ta kai ta kan tarin amfanin shekara. A kashe inji kafin a zuba mai, a ajiye yashi ko tukunyar kashe gobara a kusa.

Akwai kuma haɗarin dare. Mai gadi ko yaron mota da ya rufe kansa a ɗaki da kaskon gawayi, ko ya kwana a cikin mota inji yana aiki, yana shaƙar iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari. Sinadarin jini mai ɗaukar oksijin yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya. Alamunta ciwon kai ne da jiri da barci, mai barci kuwa ba ya jin alama. Haka nan wasu magungunan mura da tari suna sa gyangyaɗi, don haka wanda ya sha su bai dace ya hau inji ba. Shan ruwa akai-akai ma wajibi ne, domin busasshiyar iska tana ƙafar da jiki alhali sanyi ya danne ƙishirwa.

Gwaji Domin Aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai waɗannan abubuwa da kayan da ke hannu. A shafa basilin a kan gilasai biyu, a ajiye ɗaya a tsakar makaranta, ɗaya a bakin hanyar marmara na yini guda, sannan a kwatanta su a madubin ƙara girma. A kuma auna lokacin da ɗalibi yake ɗauka yana ɓalla maɓallai biyar, sannan ya tsoma hannu a ruwan randa mai sanyi na minti biyu ya sake gwadawa.

Da yawa daga ɗaliban Gwarzo da Kabo suna taya iyayensu da yayyensu aikin masussuka da lambu idan an tashi daga makaranta. Hausawa kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma su ne kuma suka ce rigakafi ya fi magani. Ɗalibin da ya san cewa sandar tarakta tana juyawa sau 9 a daƙiƙa, ya kamata ya zama na farko da zai ce wa babansa ko yayansa ya cire rawani, ya kashe inji, kafin ya kai hannu.