LITTAFI YANA ILLELA, MAI KANTI YANA LEGAS

 Yau mun ɗan aje farashin hatsi da bisashe gefe guda, za mu yi magana bisa yadda ɗan kasuwa zai buɗe littafin lissafinsa da takardun cinikinsa ta intanet, shi yana wani gari, kantin yana wani gari.

Kowa ya san halin Illela. Kasuwa ta ci ran Lahadi, kafin gari ya waye motocin shanu sun kama hanyar Legas, wanga ya bi albasarsa Kudu, wancan ya ƙetara Ƙwanni ko Galmi ko Tawa neman kaya. Littafin bashi kuwa yana kwance cikin kanti. Mun kuma ga abin da hakan ke jawowa. Cikin Agusta 2019 anka rufe iyaka, ba a buɗe ta Illela ba sai 16 ga Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 anka sake rufewa har Maris 2024. Wani kuɗinsa na can, littafinsa na nan, da anka zo lissafi sai gardama tsakanin mutanen da sunka yi shekara da shekaru suna hulɗa.

To, hanyoyi huɗu muka sani, kowace da amfaninta da aibinta.

Ta fari ita ce wadda akasarinmu ke bi: yaron kanti ya ɗauki hoton shafi ya aiko ta WhatsApp. Arha gare ta, ba ta son koyo. Amma hoto ba ya haɗa jimla, kuma ranar da kake neman bashin watan jiya sai ka yi ta tono cikin gaisuwa da saƙonnin biki. In wayar ta ɓace ba a aje kwafi ba, shi ke nan.

Ta biyu ita ce rumbun intanet, watau ka aje fayilolinka a na'urorin wani kamfani, ka buɗe su daga duk inda kake. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive 5, Dropbox 2, kuma wanga ya ishi lissafin kanti da rasit na shekaru. In an yi jadawali cikin Google Sheets, yaro na rubuta buhun wake nawa ya fita a Illela, maigida na gani a Legas. Ana iya ba wani izinin dubawa kurum ban da gyara, sa'an nan jadawalin na riƙe tarihin wanda ya canza abu da lokacin da ya canza. Ga mai yara biyu ko uku, wannan tarihin kaɗai ya kashe rabin rigima.

Ta uku ta masu kwamfuta ce a kanti, wadda anka riga anka sa wa manhajar lissafi. Da AnyDesk ko TeamViewer ko Chrome Remote Desktop, sai fuskar kwamfutar kantin ta fito maka a waya, ka juya ta kamar kana zaune gabanta. Sharaɗi shi ne ta kasance a kunne, da wuta, da sabis nan da can. Kun san halin wutarmu. Wanda ba shi da sola ko janareta, da wani mai tashi ya kunna masa, kada ya dogara da wagga hanya. Manyan kamfanoni masu reshe a Sakkwato da Kano kan ƙara abin da ake kira VPN, watau keɓaɓɓiyar hanya mai kulle tsakanin ofis da ma'aikaci, amma wannan sai da gwani mai kula da ita.

Ta huɗu ita ce manhajar haya, irin su QuickBooks Online da Zoho Books. Ba a kwamfutarka take zaune ba, tana wurin kamfanin, kai dai ka shiga da sunanka da kalmar sirri. Masu fiton kaya a kwastam sun saba da irin wanga aiki, don ta intanet ake shigar da bayanin kaya, kuma tun 2024 kwastam ta Nijeriya ta soma ƙaura zuwa tsarinta mai suna B'Odogwu. Manhajar haya na fitar da rasit, ta ƙidaya kayan sito, ta nuna wanda ake bi. Sai dai galibi wata-wata ake biya, wasu da dala, ga shi kuwa tun Yuni 2023 Naira ta yi ƙasa. Kafin ka shiga, tambayi ko za ka iya kwashe lissafinka duka ranar da ka so fita.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Duk huɗun nan bisa sabis suke tsaye. Cikin Satumba 2021 anka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sunka lalace daura da Kwaddibuwa, har bankuna sunka shiga wahala. Don haka kada a saki reshe a kama ganye. Kowane daren Lahadi, bayan tashin kasuwa, a sauko da kwafin lissafi cikin waya, ƙarshen wata kuma a buga shi a takarda a kulle. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai batun mabuɗi. Kalmar sirri ta zauna hannun maigida, yaro a buɗe masa tasa ƙofa dabam, ranar da ya bar aiki a toshe ta. Layin da lambar tabbatarwa ke shigowa ya zama naka, da sunanka anka yi rajistarsa. Duk wanda ya kira ka ya ce daga banki yake, ka sauke AnyDesk ka karanto masa lamba, ɓarawo ne, kashe wayar. Masu ƙetarawa Nijar kuma su riƙe layin can don data, kada kuɗin yawo ya cinye musu kati.

Shawararmu a taƙaice: ƙaramin ɗan kasuwa ya fara da rumbun intanet, mai sito da yara da yawa ya duba manhajar haya, mai tsayayyar wuta ne kaɗai zai jingina da kwamfutar kanti.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa.