Motocin rimot: Yadda ake ƙara wa sitiyari wuta ba tare da an ƙona shi ba

Duk wanda ya ratsa kasuwar Mokolo a nan birnin Yawunde gab da Sallah ko cikin watan Disamba, zai ga motocin wasan yara masu aiki da rimot jibge a kan tebura, manya da ƙanana, akasarinsu ƙirar ƙasar Sin. Iyaye kan daure su cire sefa mai yawa su saya wa 'ya'yansu, amma kafin wata ya zagayo sai a tarar da motar a teburin mai gyaran rediyo, ko an wurgar da ita bayan ɗaki. Abin da ya ja hankalinmu shi ne da yawa daga cikin motocin nan masu su ne ke ƙona su da hannunsu, wajen neman ƙara musu ƙarfi.

Samarin Briqueterie da na Cité Verte suna da basira, wannan ba a musu. Yaro zai samo tsohon batirin kwamfutar tafi-da-gidanka a wajen masu gyara na Avenue Kennedy, ya fasa shi, ya ciro ƙwayoyin litiyam da ake kira 18650, ya haɗa biyu a jere ya ɗora wa motarsa. Nan take mota ta ƙara gudu, sitiyari ya ƙara kaifi, abokai su yi ta shewa. Bayan 'yan mintoci sai ƙafafun gaba su karkace gefe guda su ƙi dawowa, a ji ƙaurin roba. To, a nan ne ake asarar.

Da farko ya kamata mai karatu ya san motocin iri biyu ne. Akwai na wasan yara zalla, waɗanda wani ɗan inji ke fizgar ƙafafunsu zuwa dama ko hagu kawai, babu tsaka-tsaki, kuma komai nasu a kan faifan lantarki guda yake. Irin waɗannan shawararmu ita ce a bar su da batirin da aka ƙera su da shi. Akwai kuma manyan motoci na masu sha'awar tsere, irin su ƙirar Tamiya da Traxxas, waɗanda jefi-jefi akan tsinta a shagunan gwanjon kayan Turai da muke kira brocante. A kansu ne maganarmu ta fi ƙarfi, domin su ne ke da ɗan akwatin sarrafa sitiyari da ake kira sarbo.

Shi sarbo wani ɗan akwati ne da bai wuce kwalin ashana da yawa ba. A cikinsa akwai ƙaramin inji, da jerin haƙoran giya, da faifan da ke lura da inda hannunsa ya tsaya. Wayoyi uku ne ke fita daga jikinsa: ja a tsakiya mai kawo wuta, baƙa ko ruwan ƙasa mai mayar da ita, sai fara ko ruwan lemo ko rawaya mai kawo umarni daga risiba, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot. Umarnin kan zo kimanin sau 50 a cikin daƙiƙa guda, shi ya sa sitiyari ke bin yatsan mai tuƙi tamkar inuwa.

Ba ƙarya ba ne cewa ƙarin wuta na ƙara wa sarbo ƙarfi. Kamfanonin da kansu suna rubuta hakan. Ɗauki Futaba S3003, wanda ya daɗe a hannun jama'a: a bolt 4.8 ƙarfin murɗarsa kilo 3.2 ne a tsawon santimita guda, a bolt 6 kuwa ya kai kilo 4.1, kuma lokacin da yake ɗauka ya juya digiri 60 yana sauka daga kashi 23 cikin ɗari na daƙiƙa zuwa kashi 19. Amma fa a bolt 6 lissafin ya tsaya. Akasarin sarbo na gama-gari tsakanin 4.8 da 6 aka ƙera su. Waɗanda ke iya ɗaukar 7.4 zuwa 8.4 jinsi ne daban, kuma za a ga haruffan HV a jikinsu ko a kwalinsu.

Yanzu mu koma ga batiran nan biyu na yaronmu. A jikin kowane an rubuta bolt 3.6 ko 3.7, shi ya sa mutane ke cewa biyu 7.4 ke nan, ai bai fi 6 da yawa ba. Wannan lissafi yana yaudara. Ƙwayar litiyam da ta cika caji bolt 4.2 take bayarwa, biyu a jere 8.4. Wato an ɗora wa sarbo ƙarin kashi 40 cikin ɗari a kan iyakarsa. Zafin da injinsa ke yi idan ya cije kuwa ba da kashi 40 yake ƙaruwa ba, kusan ninkawa yake yi. Ko tsofaffin batira na NiMH, waɗanda kowane ke da bolt 1.2, idan aka jera biyar ana kiransu bolt 6, alhali sanda aka cire su daga caja suna kusan 7. Saboda haka abin da mita ta nuna shi ne abin dogaro, ba rubutun jikin batir ba.

A motar da aka haɗa bisa ƙa'ida, sarbo ba ya shan wuta kai tsaye daga batir. Na'urar sarrafa gudu, wadda ake kira ESC, tana da wani ɓangare mai suna BEC da ke rage wutar zuwa bolt 5 ko 6 kafin ya miƙa wa risiba, ita kuma ta miƙa wa sarbo. Wasu ESC na zamani ana iya sauya musu wannan adadi daga 6 zuwa 7.4. Wanda ke da irinsu, kuma sarbonsa HV ne, aikinsa ya yi sauƙi. Wanda ba shi da su sai ya nemi BEC na daban, ya jona shi da batir, ya saita shi da mita tun kafin ya haɗa komai. Masu gyara kan yi amfani da ɗan faifan rage wuta na LM2596 mai sukurun saiti, kuma yana yi wa ƙananan motoci, sai dai a tuna amfiya 3 ce iyakar da aka rubuta masa, kuma yana zafi tun kafin ya kai nan.

Akwai wani wuri da ƙwararru ma kan yi tuntuɓe. Idan aka sa BEC na daban, dole ne a zare jar waya daga filogin ESC da ke shiga risiba, a naɗe bakinta da tef. In ba haka ba, an haɗa masu ba da wuta biyu a layi ɗaya, ɗaya na cewa 5, ɗaya na cewa 7.4, kuma a ƙarshe ɗayansu ne zai ƙone. Baƙar waya da ta umarni kuwa a bar su a inda suke. Haka kuma a duba takardar risibar, domin duk wutar da aka ba sarbo ta cikinta take bi, tare da fitilu da fanka da duk abin da aka jona mata. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi ne ke yanke iyakar da za a tsaya.

A ganinmu ma, rabin masu kukan sitiyarinsu ba shi da ƙarfi ba ƙarin bolt suke bukata ba. Mutanen Yawunde sun san halin famfo: ƙarfin da ruwa ke fitowa da shi daban, yawan ruwan da bututu zai iya ɗauka daban. Bolt shi ne ƙarfin turawa, amfiya ita ce yawan abin da ke gudana. Sarbo mai haƙoran ƙarfe irin MG996R, wanda ya cika kasuwa saboda araharsa, yana iya jan amfiya 2.5 idan ya cije a bolt 6. Idan BEC ba zai iya bayar da hakan ba, wuta sai ta faɗi, risiba ta ɗauke na ɗan lokaci, mota ta ci gaba da tafiya babu mai iko da ita. Maganin wannan shi ne BEC mai amfiya 5 ko fiye a kan bolt 6 ɗin nan dai, tare da kondansa da ake soka wa a ramin risiba da ba a amfani da shi. Tsohon nau'in BEC ma zafi yake mayar da rarar wuta: daga 8.4 zuwa 5, idan ana jan amfiya 2, kusan wat 7 ke nan na zafi a cikin abin da bai kai ƙumba biyu ba.

Sai kuma jar ƙasarmu. Da rani ƙura, da damina taɓo, duka suna shiga gaɓoɓin sitiyari su daskare. A cire hannun sarbo, a juya ƙafafun gaba da yatsa. Idan sun yi tauri, wanki ne maganinsu. Kazalika rimot mai kyau yana da wurin saita iyakar juyawa, wanda aka rubuta EPA. Idan an kai sitiyari ƙarshe aka ji sarbo na gurnani, yana tura abin da ba zai motsa ba ne, a rage masa har ya yi shiru. Ƙarin wuta a kan sarbo mai gurnani hanzarta mutuwarsa kawai yake yi, haƙoran roba kuma su ne farkon zubewa.

Maganar da ta fi damunmu ita ce ta gobara. Gidajen Briqueterie a manne suke da juna, ga shagunan teloli cike da atamfa da shadda, ga lunguna da motar kashe gobara ba ta iya shiga. Batirin litiyam da aka huda, ko aka yi masa cajin da ya wuce 4.2, ko wayoyinsa suka haɗu, yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Iyaye su sa ido: kada yaro ya yi caji a kan katifa, ko ya bar shi a jone a tafi masallaci ko a kwanta barci. A yi a kan siminti ko cikin tukunyar ƙasa, da cajar da ke daidaita kowace ƙwaya, ga yashi a kusa. Batirin LiPo da ya kumbura ya gama aiki. Kada kuma a bari kowace ƙwaya ta sauka ƙasa da bolt 3.

Bayan an gama haɗi, a ɗaga motar sama a gwada sitiyari dama da hagu, mita na jone da risiba, a ga ko adadin na faɗuwa. Sannan a sauke ta a yi tuƙi na minti biyar, a tsaya a ɗora yatsa a jikin sarbo da BEC. Ɗumi ba laifi ba ne. Idan yatsa ya kasa jurewa, a mayar da saiti bolt 6, a sake duba gaɓoɓin sitiyari kafin a sake kunnawa.