Yadda Tsofaffin Hanyoyin Ruwa Suka Farfaɗo a Ingila

A 1761 aka buɗe Bridgewater, hanyar ruwa da aka haƙa da hannu domin kai kwal birnin Manchester. Nan da nan haƙa ya bazu a Ingila: doki na tafe a gefen ruwa, yana jan dogon kwalekwale maƙare da kaya. Da jirgin ƙasa ya zo, manyan motoci suka biyo baya, sai kasuwa ta watse. Wasu hanyoyin suka cushe da taɓo, wasu suka zama juji.

Masu kishi ne suka hana su mutuwa. A 1946 aka kafa ƙungiyar Inland Waterways Association, 'yan sa-kai suka riƙa shiga da shebur suna yashe laka. Hanyar Huddersfield, wadda aka rufe a 1944, ta dawo aiki a 2001. Tun 2012 gidauniyar Canal & River Trust ke kula da kusan mil 2,000 a Ingila da Wales.

A Birmingham, bakin ruwan da kowa ke gudu a da ya cika da gidaje da shaguna. Amma ni ɓangaren ilimi ya fi burge ni. Ana kai 'yan makaranta su ga yadda ƙofofin katako ke tare ruwa har jirgi ya hau tudu, su koyi tarihin garinsu da dabarun kauce wa nutsewa. Matasa kuma na koyon kafinta da gini wajen gyaran ƙofofi da gadoji, sana'o'in da suka kusa ɓacewa.

Damuwar yanzu kuɗi ce, domin gwamnati ta sanar da rage tallafin da take ba gidauniyar daga 2027.