MAZIYYI DA ƊAUKAR CIKI: ABIN DA YA KAMATA IYAYE DA MATASA SU SANI

Akwai wata tambaya da ake yawan yi wa ungozomomi da ma'aikatan gidan likita, amma kullum a asirce: shin mace tana iya ɗaukar ciki alhali namiji bai sadu da ita ba? Kunya ta hana a yi zancen a fili, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Amsar masana ita ce, abin ba ya yawan faruwa, amma yana yiwuwa. Sanadinsa kuwa wani ruwa ne wanda duk mai karatun Ahalari ko Risala ya san sunansa, wato maziyyi.

Malaman fiƙihu sun bambanta ruwa uku: maniyyi, maziyyi da wadiyyi. Maniyyi yana wajabta wanka. Maziyyi kuwa, wannan ruwa mai yauƙi da ke fita lokacin sha'awa, alwala yake warwarewa, sai a wanke gaba. Daga nan ne wasu suka ɗauka cewa tun da ba ya wajabta wanka, to ba ya sa ciki. Amma hukuncin tsarki daban, aikin jiki daban.

Maziyyi yana fitowa ne daga wasu ƴan ƙulli biyu masu girman ƙwayar wake da ke gindin azzakari. Wani likitan Faransa, Jean Méry, ya bayyana su a 1684, sannan William Cowper na Ingila, wanda aka laƙaba musu sunansa. Aikin ruwan shi ne ya kashe tsamin fitsarin da ya rage a hanya, ya kuma santsa ta. Ƙullin ba sa yin ƙwayoyin haihuwa, amma ƙwayoyin suna iya biyo ruwan, kuma namiji ba ya jin fitarsa, balle ya tsayar da shi.

An daɗe ana gardama a kan wannan. A wani bincike da aka yi a birnin Hull na Ingila, aka buga a 2011, an duba maziyyin maza 27 da madubin likita. An sami ƙwayoyin haihuwa a wurin 11, kuma a wurin 10 daga cikinsu ƙwayoyin suna da rai, suna motsi. A Tailan, a 2016, an duba maza 42, aka sami ƙwayoyi masu motsi a wurin 7. Ke nan ba kowane namiji ba ne, amma babu wanda zai iya sanin ɓangaren da yake ciki ba tare da awon likita ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa azalu, wato janyewa kafin zuwan maniyyi, ba shi da tabbas: cikin ma'aurata 100 masu dogara da shi, wajen 20 matan suna yin ciki a shekara guda.

To, yaya ciki ke shiga ba da saduwa ba? Sai abu biyu sun haɗu. Na farko, ruwan ya taɓa bakin farji tun yana ɗanye, ko ta gugar jiki da jiki, ko ta hannu. Na biyu, ya dace da kwanakin ɗaukar ciki. Ƙwan mace yana fitowa wajen kwana 14 kafin haila mai zuwa, ba ya wuce kwana ɗaya a raye, amma ƙwayoyin namiji suna iya kai kwana 5 a jikinta suna jira. Tantanin budurci ba ƙofa ba ce rufaffa, tun da ta nan jinin haila ke fita. Saboda haka likitoci sun sha ganin mai ciki wadda budurcinta yana nan. Samari da ƴammata masu tsarance, da waɗanda aka yi wa baiko suna ganin aure ya kusa, su ne wannan magana ta fi shafa.

Haka kuma ya kamata a kawar da tsoron da ba shi da tushe. Ba a ɗaukar ciki ta runguma, ko ta cikin tufafi, ko a ruwan wanka, ko a salga. Ƙwayoyin suna mutuwa da zarar ruwan ya bushe.

Idan abin ya riga ya faru, jinkiri shi ne babban haɗari. Akwai ƙwayar gaugawa da ake samu a farmasi da gidajen likita, wadda ta fi aiki in an sha ta cikin kwana 3, wata irin kuma har kwana 5. Ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, fitowar ƙwai take jinkirtawa. Awon fitsari kuwa sai haila ta yi latti, ko bayan sati 3, yake faɗin gaskiya. A tuna kuma ƙwayar cutar sida tana bin maziyyi, don haka kwaroron roba ba ya cika aikinsa sai an sa shi tun kafin jiki ya taɓa jiki.

Kira na ƙarshe ga iyaye ne. Yarinyar da aka gani da ciki, ta rantse ba a sadu da ita ba, mai yiwuwa ne gaskiya ta faɗa iyakar saninta. Duka da kora ba sa mayar da abin da ya wuce, sai dai su tura ta wurin masu zubar da ciki a ɓoye, inda ake asarar rayuka. A kai ta awo, a nemo saurayin ya ɗauki rabonsa na nauyi. Abin da ya fi kuma shi ne uwa ko gwaggo ta zaunar da ƴarta, uba ko kawu ya zaunar da ɗansa, a yi musu bayani tun ba su shiga uku ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kare zuriya.