Bankin maniyyi

Bankin maniyyi cibiya ce da ke karɓar maniyyin maza, ta gwada shi, ta daskarar da shi cikin ruwan naitirojin, sannan ta sayar wa masu neman haihuwa. A shekarar 1953 aka fara samun ciki da daskararren maniyyi, a jihar Iowa ta Amurka. Daga cikin manyan bankunan akwai California Cryobank, da aka kafa a 1977, da Cryos International na birnin Aarhus a Denmak, da aka kafa a 1987.

Yadda suke talla

Bankunan suna jera masu ba da maniyyi a intanet kamar haja, tare da bayanin tsawo, launin fata da na ido, zurfin karatu da hoton ƙuruciya. Sau da yawa farashi yana ƙaruwa gwargwadon yawan bayanin. Tallan yana nuna mace ce ke zaɓa, amma bankin ya riga ya tace wanda zai shiga jerin. A 2011 Cryos ya daina karɓar masu jan gashi saboda ƙarancin masu saye. Kuma digirin uba ba ya tabbatar da basirar ɗa.

Doka

Birtaniya ta soke ɓoye sunan mai bayarwa a 2005, kuma ba ta yarda maniyyin mutum ɗaya ya wuce iyali goma ba. A 2023 wata kotu a Holan ta dakatar da wani mutum da aka ƙiyasta ya haifi yara sama da 550.

A ƙasar Hausa

A Gusau, Tsafe da Bungudu na jihar Zamfara, wadda ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, batun yana komawa ne ga nasaba da gado. Fatawar Azhar ta 1980 da matsayar Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a Amman a 1986 sun halatta dashen ciki tsakanin miji da matarsa kaɗai, sun haramta maniyyin wani namiji. Adana maniyyin miji domin matarsa, misali kafin maganin daji, ya halatta a wajen malamai da dama muddin auren yana nan.

A al'ada mace ake ɗora wa laifin rashin haihuwa, har a yi mata kishiya, alhali matsalar namiji tana da hannu a kusan rabin ma'auratan da ke fama da ita. Shi ya sa likitoci ke fara gwada miji da mata tare.