TAKALMIN GUDU DA TAƁON DAMINA: GARIN NEMAN GIRA KADA A RASA IDO

Da zarar damina ta kankama, duk wanda ya yi sammako a Jos ko Pankshin cikin Jihar Filato zai ga samari da 'yan mata suna ta sheƙa gudu a gefen hanya da kan duwatsu, ƙafafunsu sun yi jawur da taɓo. Waɗansunsu 'yan makaranta ne, waɗansu masu shirin shiga soja ko ɗan sanda, waɗansu kuwa burinsu su je manyan gasanni na Kudu, kamar tseren kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo wanda aka soma a 2013, ko gudun yada-ƙanin-wani na birnin Ikko mai kilomita 42 wanda aka soma a 2016. Galibin waɗannan matasa takalmi ɗaya tak gare su, sau da yawa ma na gwanjo ne da aka daɗe ana tara kuɗinsa. In ya lalace, horo ya tsaya ke nan.

Abin takaici shi ne, da yawan takalman nan ba gudu ke kashe su ba, ba kuma taɓon ba. Wajen wanki da shanya suke gamuwa da ajalinsu.

TAKALMIN DA DA NA YANZU

A shekarar 1960 wani sojan ƙasar Habasha mai suna Abebe Bikila ya ci gudun yada-ƙanin-wani na wasannin Olamfik a birnin Rum ba ko takalmi a ƙafarsa. A zamanin nan, har zuwa shekaru da dama bayansa, abin da ɗan makaranta a Nijeriya ya sani shi ne farin kambas, watau yadi mai kauri da aka gasa shi tare da roba har suka zama abu guda. Irin wannan takalmi yana jure wahala. A jiƙa shi da omo, a dirje shi da buroshi mai ƙarfi, a shafa masa farin alli, a ɗora kan katanga rana ta busar da shi, ba abin da zai same shi.

To, amma takalmin gudu na yanzu ba haka yake ba. Hawa uku ne. Samansa raga ce mai laushi don iska ta shiga. Tsakiyarsa wani irin soso ne mai ƙananan kumfan iska a ciki, shi ne ke shanye nauyin jiki duk lokacin da ƙafa ta bugi ƙasa. Ƙasansa kuwa roba ce mai zane don kada a zame. Gam ne ya riƙe su ukun. Sosan nan shi ne ran takalmin. Saboda muhimmancinsa ne ma, bayan da Eliud Kipchoge na Kenya ya gama kilomita 42 cikin ƙasa da sa'a biyu a birnin Biyana a 2019, hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a 2020 cewa kaurin ƙasan takalmin tseren kan titi kada ya wuce milimita 40.

Soso da gam kuwa babban abokin gabarsu shi ne zafi. Zafi yana sa gam ya saki, soso ya tsuke ya taurare. Saboda haka wanda ya yi wa takalmin yanzu irin wankin kambas, garin neman gira ya rasa ido.

ABIN DA TAƁO KE YI

Wannan ba ya nufin a bar takalmi cikin dauɗa. Taɓo yana ɗauke da ƙananan tsakuwa da yashi, waɗanda in suka shige cikin raga sai su riƙa cin zaren kamar zarto a duk taku, musamman wurin da takalmi ke lanƙwashewa a gindin yatsu. Jar ƙasa kuma tana da tsatsar ƙarfe a cikinta, shi ya sa in ta daɗe a jikin farin yadi ba ta fita. Taɓon da ya cike zanen ƙasan takalmi yana sa santsi. Har ila yau, takalmin da ya kwana da laima yakan yi wari da fumfuna, daga nan sai cin-ruwa ya kama tsakanin yatsu, ƙaiƙayi ya hana mutum sakat.

YADDA AKE WANKEWA

Da an dawo daga gudu, abu na farko shi ne a kwance igiya a tuɓe takalmi da hannu. Masu taka dunduniyar ɗaya da ɗayar ƙafar don su zare shi suna karya bayan takalmin ne da kansu.

In taɓon mai kauri ne, a ajiye takalmin a inuwa ya ɗan sha iska. Busasshen taɓo ya fi sauƙin fita, ɗanye kuwa in aka goga shi ƙara shigewa cikin raga yake yi. In ya bushe sai a kama takalman biyu a buga ƙasansu da juna, a sa ɗan tsinke a ƙwaƙule tsakuwar da ta maƙale a zane, kana a kakkaɓe saura da buroshi mai laushi. Tsohon buroshin haƙori ya isa.

Daga nan a zare igiya, a ciro shimfiɗar ciki, a wanke su daban. A zuba ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi a roba, a sa sabulu kaɗan. Kada a tsoma takalmin a bar shi ya kwana a ruwa. A riƙa tsoma buroshi ko tsumma ana gogawa a hankali, a fara da sama a ƙare da ƙasa. A ɗauraye sosai, domin sabulun da ya saura shi ne ke barin rawayan tabo bayan an bushe, kuma yana jawo ƙura. Kada a murɗe takalmi don matse ruwa. A danna shi da busasshen tsumma.

Akwai abubuwan da bai kamata su kusanci takalmin gudu ba: ruwan zafi, ruwan bilic, fetur da kananzir. Bilic yana raunana zare, fetur da kananzir kuwa suna narkar da gam. Injin wanki ma galibin masu ƙera takalman nan sun yi gargaɗi a kansa. Mazauna Ikko da ke gudu a bakin teku, ko waɗanda suka taka ruwan kwata, su kam kada su jira taɓo ya bushe, su ɗauraye da ruwa mai tsabta nan take saboda gishiri da ƙazanta.

SHANYA, INDA AKA FI YIN ƁARNA

A nan ne gaggawa ke shigowa. Saurayi yana son fita gudu da asuba, takalmi jiƙe, sai ya jefa shi kan rufin kwano da tsakar rana, ko ya kai shi bakin murhu, ko kusa da injin janareta. Gobe ya tarar ya bushe ƙayau, ya yi murna. Bayan mako biyu sai baki ya buɗe, ƙasa ta soma ɓantarewa, takalmin da ke shiga daidai ya koma yana matse yatsu.

Hanyar da ta dace ita ce a buɗe bakin takalmin sosai, a jawo harshensa waje, a cusa masa dunƙulallen takarda har can ƙurya. Tsohuwar jarida ta fi komai shan ruwa, sai dai a duba kada a sa shafin da ke ɗauke da aya ko sunan Allah. In takalmin fari ne, takarda marar rubutu ta fi, don tawada tana iya zuba. Bayan sa'a biyu ko uku a fitar da ta jiƙe a sa sabuwa. A jingine shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, ko gaban fanka. A Arewa yini da kwana yakan isa. A Kudu, inda iskar damina ke da laima ƙwarai, yakan kai kwana biyu. Kada a maida shimfiɗar ciki sai kowanne ya bushe, kada kuma a ƙulle ɗanyen takalmi cikin leda ko jaka. Wanda ya shanya a waje ya zazzage kafin ya zura ƙafa, domin kunama ma tana son wurin fakewa.

Mai hali ya sami takalmi biyu ya riƙa musanyawa. Marar hali ya ajiye tsohon don ranar ruwa da hanyar taɓo, ya bar mai kyan don busasshiyar hanya da ranar gasa. Lokacin hunturu kuwa ba a bukatar yawan wanki, kakkaɓe ƙura da buroshi ya wadatar.

KOMAI YA YI FARKO

Duk da kulawa, takalmi yana da iyakar kwanansa. Masana sukan ƙiyasta cewa sosan takalmin gudu yana gajiya tsakanin kilomita 500 zuwa 800. Watau mai gudun kilomita 10 sau biyar a mako zai cinye takalminsa cikin mako 10 zuwa 16. A ɗora shi kan tebur a dube shi ta baya: in ya karkace gefe guda, ko soso ya yi tamoji ya daina dawowa in an danna, ko zanen ƙasa ya shafe, to aikinsa ya ƙare. Mai sayen na gwanjo ya yi wannan gwaji tun a kasuwa, kada hasken wanki ya ruɗe shi.

In baki ne kawai ya ɗan buɗe, mai shushaina zai iya kankare wurin ya sa gam, gara kuwa a kai masa da wuri tun ɓarakar ba ta yi faɗi ba. Amma mataccen soso ba baduku da ke iya tashinsa. Wanda ya nace da gudu a kansa gwiwa da ƙwauri ne za su biya, kuɗin magani kuwa ya fi na takalmi.

Saboda haka malaman wasanni a makarantu da masu horad da matasa su haɗa wannan cikin abin da suke koyarwa. Ruwan sanyi, sabulu kaɗan, tsohuwar takarda da inuwa ba su fi ƙarfin kowa ba. Sauran haƙuri ne, shi kuwa mai gudun dogon zango ya riga ya san darajarsa.