Zafi Ne Ke Kashe Kumfar Sabulu, Ko Bushewa?

Maganar da aka fi ji ita ce sanyi na ƙara wa kumfar sabulu tsawon rai, zafi kuwa na kashe ta nan take. Akwai gaskiya a ciki, sai dai rabi ce, kuma rabin da aka bari ya fi muhimmanci.

Kumfar da yaro ke hurawa da bututun biro ko karan ganyen gwanda tana da fatar da ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Ruwa ne a tsakiya, sabulu ya rufe shi ciki da waje. Muddin ruwan nan yana nan, kumfa na nan. Hanya biyu yake bi ya tafi: nauyinsa na jan sa ya gangara ƙasan kumfar, iska kuma na shanye shi. Wanda ya ƙura mata ido zai ga launuka suna murɗawa, kore da ja da shuɗi, can sai saman ya dusashe, wani tabo baƙi ya fito, sai ta fashe. Isaac Newton ya bayyana wannan baƙin tabo a littafinsa Opticks na 1704. Wurin ne fatar ta siranta har ta daina maido da haske.

Zafi na hanzarta hanyoyin nan biyu. Ruwa mai ɗumi ya fi tsinkewa: daga digiri 20 zuwa digiri 40, kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa ke raguwa, don haka ya fi saurin gangarawa. Ya kuma fi saurin bin iska. To, ta wannan fuskar masu zargin zafi sun yi daidai.

Amma a gwada da safiyar hunturu a Kano ko Damagaram, lokacin da kowa ke rawar ɗari. Kumfa ba ta jimawa ko kaɗan. Iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, laimar da ke cikinta kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga kuma ƙura, wadda ƙwaya ɗaya busasshiya ta isa ta huda fatar. Sai kuma a gwada a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa. Garin ya fi na hunturu ɗumi, amma iska ta ƙoshi da laima, ba ta da ƙishin da za ta sha ruwan kumfar, sai a ga tana ta shawagi har ta tsallake katanga. Ni a ganina, duk wanda ya koya wa yara cewa sanyi kaɗai ne sirrin, ya hana su ganin abin da ke faruwa a tsakar gidansu.

Akwai wani abin sha'awa ma. A 2022 masu bincike a Jami'ar Paris-Saclay ta Faransa sun auna fatar sabulu suka tarar tana iya fin iskar da ke kewaye da ita sanyi da digiri 8. Ruwan da ke tashi daga jikinta ne ke tafiya da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa.

Batun cewa ruwan zafi ya fi yin kumfa mai kyau, an haɗa abu biyu ne. Sabulu ya fi saurin narkewa a ruwan ɗumi, shi ya sa kumfar ke tashi da yawa, amma tashi daban, daɗewa daban. Idan kuwa sabulu ya ƙi kumfa sam a ruwan wata rijiya, ba sanyin ruwan ba ne, ma'adanan da ke cikinsa ne ke kama sabulun.

Hotunan bidiyon da ake turawa a waya na kumfa tana daskarewa, furannin ƙanƙara na yawo a jikinta, wasu na rantsuwa haɗin kwamfuta ne. Abin na faruwa da gaske. A 2019 masana a jami'ar Virginia Tech ta Amurka sun yi nazarinsa a cikin ɗakin sanyi mai kimanin digiri 20 ƙasa da sifili. Kumfar na fara daskarewa daga gindi, daskarewar na fitar da ɗan zafi, wannan zafi na tura ruwan fatar sama, ruwan kuma na kwashe gutsattsarin ƙanƙara ya watsa su ko'ina, kowane gutsure ya ci gaba da girma har su haɗe.

Saura labarin kumfar da ta shekara ba ta fashe ba. Shi ma ya faru, amma ana ba da shi a karkace. Masu bincike a Jami'ar Lille, a Faransa, sun sanar a 2022 cewa wata kumfa tasu ta kwana 465. Ba a firiji aka ajiye ta ba, kuma ba ta sabulu ba ce. Da ruwa da gilisarin da ƙananan ƙwayoyin roba aka yi ta. Ƙwayoyin sun hana ruwan gangarawa, gilisarin kuwa yana zuƙo laima daga iska ya mayar da abin da ya tafi. Wato hanyoyin nan biyu da ruwa ke bi ya gudu aka toshe.

Gilisarin ɗin ba wani baƙon abu ba ne, shi ne wanda mata ke saya a kemis su zuba a man shafawa don kada fata ta tsage da hunturu. Ɗan kaɗan a ruwan sabulun yara zai sa kumfarsu ta ƙara jimawa. Su yi amfani da ruwan randa, su hura a inuwa inda iska ba ta kaɗawa, da sassafe ko bayan an yi ruwa. Idan suna son su tare ta a tafin hannu, su fara jiƙa hannun da ruwan sabulun.